Hannun Da Aka Jeme

Na gaji da ba da labarin nan da baki, shi ya sa na ce bari in rubuta shi in huta. Wanda ya ga dama ya gaskata. Ni dai mai gadi ne a wata masaƙa da ta mutu a Bompai. Tun da aka rufe ta ba abin da nake gadi sai injinan da tsatsa ta ci, da jemagun da suka mayar da ɗakin saƙa gidan ubansu. Mutumin da ke zaune da matattun injina yana da lokacin kallon masu rai, kuma cikin duk waɗanda na kalla babu wanda ya tsaya mini a rai kamar Abdulbaƙi.

A masaƙar nan ya yi aiki, a ofis. Shi ne na farko da na gani yana taɓa kwamfuta, lokacin da mu muke leƙenta ta taga kamar an kawo kura kasuwa. Ubansa, Malam Isyaku, dillalin shanu ne a kara. Wanda bai san kara ba, ga yadda ake yi: in ciniki ya faɗa, dillali ne ke haɗa hannun mai saye da na mai sayarwa, ya ɗora nasa a kai, ya yi addu'ar albarka, sannan ya karɓi la'adarsa. Daga ranar, in saniya ta fito ta sata ce, ko tana da wata cuta da aka ɓoye, ba a neman baƙon da ya kawo ta. Dillali ake kamawa. Abin da la'ada take saye ke nan: mutum ya tsaya. Abdulbaƙi yana yaro ya ga an tasa ƙeyar ubansa zuwa gaban alƙali saboda wani bijimi da ba shi ya sata ba, ya ga an sayar da gonarsu an biya. Tsohon bai yi ƙorafi ba, cewa ya yi, “Hannuna na ɗora.” Amma ɗan bai taɓa yafe wa wannan al'ada ba.

Da aka sallame su daga masaƙa a farkon shekarun dubu biyu, ya haɗa kuɗin sallamarsa ya buɗe shagon intanet a Sharaɗa, irin wanda ake ce wa kafe. Yana da mata, Badi'a, da tsohuwarsa Hajiya Binta, da ɗa ɗaya tilo, Uwaisu. Duk abin da yake yi don Uwaisu yake yi. Yakan ce, “Ɗana ba zai tsaya a bakin ƙofar kamfani yana jiran jiniya ba. Ba zai taɓa sanin warin sallama ba.”

Sai dabara ta zo masa. Ya buɗe shafi a intanet, ya sa masa suna Dillalin Gari. Mai sayar da fili, mai neman ma'aikata, mai maganin basir, kowa ya kawo tallarsa a liƙa masa, ya biya la'ada. Ya bi masu kafe na Kumbotso da Na'ibawa ya roƙe su su sa shafin ya zama shi ne farkon abin da ke buɗewa in an kunna kwamfuta. Abin ya fara tafiya a hankali, har ranar da wani janareta da aka tallata a shafin ya fito na sata. Mai tallar ya ɓace. 'Yan sanda suka zo suka ɗauki Abdulbaƙi. Ya kwana a bayan kanta yana jin warin fitsari, yana ganin fuskar ubansa a bango.

Da ya fito bai je gida ba. Wani da suka kwana tare a ciki ya yi masa kwatancen wani mutum a Challawa.

Abin da ya faru a can daga bakinsa na ji, ba sau ɗaya ba. Ya ce da tsakar rana aka ce ya je, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Wata tsohuwar majema ce da aka rufe, can ƙarshen layin kamfanoni, inda kwalta ta ƙare. Tun daga nesa wari ya tare shi, warin fatar da aka jiƙa aka manta. Ungulaye suna kewaye a sama, amma ko ɗaya ba ta sauka. A ciki ramukan jima ne a jere, kowanne da launin ruwansa: wani kore kamar maɗaciyar akuya, wani ja-ja, wani baƙi. Na ƙarshe fari ne fat kamar kindirmo, kuma yana motsi ba tare da iska ba. A saman ramin an ɗaura waya daga bango zuwa bango, an rataye safar hannu ta roba irin ta ma'aikatan jima, masu yawa, an cika kowacce da wani abu har ta kumbura. Duk tafin sama suke kallo, kamar masu roƙon ruwa.

Mutumin yana zaune a kan sikelin auna ƙirgi. Ɗan ƙarami ne, ba gashi a kansa, ba gira. Ɗan'auta ake ce masa. Shi ma da safar roba a hannunsa har gwiwar hannu.

“Ɗan dillali,” in ji shi, tun kafin a yi sallama. “Kuɗi kake so ko tsari?”

“Duka biyun, Malam.”

“Kar ka ce mini Malam, ban karanta komai ba. Faɗi abin da ke ranka. Ba na aiki da rabin magana.”

Abdulbaƙi ya ce, “Ina son in ci la'ada, amma ba na son in tsaya wa kowa. Duk abin da aka liƙa a shafina a gaskata shi. In ya ɓaci kuma, kar a kama ni.”

Ɗan'auta ya yi wata 'yar dariya ta hanci. “Wato nama kake so ba ƙashi. Ana yi. Ka san abin da ruwan farar ƙasa ke yi wa fata? Yana zame gashi, yana zame maiƙo, yana zame duk abin da ya liƙe. Haka za a yi wa hannunka. Ba laifin da zai sake kama shi. Duk idon da ya ga shafinka kuwa, zai gaskata.”

“Nawa zan biya?”

“Ba na karɓar kuɗi. Sharaɗi ne kawai. Talla in ta zo, ba a mayar da ita. In ta hau, ba a sauke ta, ba a kushe ta, ko da raɗa. In mai kuka ya zo, ka ɗaga masa tafinka ka ce, ‘Ni ban sayar ba, ni ban saya ba.’ Shi ke nan.”

Abdulbaƙi ba wawa ba ne. Sai ya ce, “To abin da ya zame daga hannuna, ina zai tafi?”

Mutumin ya ɗago ya dube shi sosai. “Kai ne na farko da ya tambaya. Ruwan majema ina yake zuwa?”

“Kogi.”

“Ka taɓa jin majema ta aika a tambayo wa ke sha a ƙasa?”

“A'a.”

“To.”

Wannan amsa ta ishe shi. Ya naɗe hannun riga ya durƙusa. Aka tura hannayensa cikin farin ramin har wuyan hannu. Da farko sanyi ya ji, sannan ƙaiƙayi, sannan wuta. Daga nesa ya jiyo kiran azahar daga masallacin wani kamfani, Ɗan'auta ya sa masa yatsa a leɓe, kada ya amsa. Sai da ladan ya gama aka fito da hannun. Mutumin ya ɗauko wuƙar jima, mai mariƙi biyu, ya shimfiɗa tafin a kan gungumen itace ya karce shi kamar yadda ake karce ƙirgi. Abin da ya fita ya tattara shi ya ɗura a wata sabuwar safa, ya haɗa da yashi, ya rataye ta a kan waya kusa da 'yan uwanta. Ta yi lilo kaɗan, sannan ta juya tafinta sama da kanta.

Da hannun ya warke na gan shi da idona. Babu zane ko ɗaya a tafin. Sumul yake kamar cikin farantin tangaran.

Daga nan tallace-tallace suka fara zuba kamar ruwan Agusta. Maganin da ke kashe ciwon suga har abada. Biza zuwa ko'ina. Filaye a Abuja a kuɗin akuya. Wata talla mai ƙyalƙyali da ke cewa kai ne ka ci mota, ka kira lamba kaza. Yawancin masu tallar bai taɓa ganin fuskarsu ba. Ta imel suke aiko da rubutu, su biya da lambobin katin waya. Ba ya tambaya. A ƙasan shafin ya sa aka rubuta da Turanci, da ƙananan haruffa kamar ƙwan kwarkwata, cewa shafi ba shi da alhakin komai.

Lokacin kuwa kamfanoni suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, a Sharaɗa da Challawa da nan Bompai. Kowace ƙofa aka rufe, sai mutane su fito da kuɗin sallama a aljihu da tsoro a zuciya. Irin waɗannan ne ke shiga kafe. Mutumin da ya yi shekaru yana saƙa, bai san komai ba sai zare, a nuna masa allo mai haske a ce ga mafita, me zai yi?

Suna dawowa, ba shakka. Na taɓa ganin wani ya zo da adda. Abdulbaƙi ya fito bakin shago, ya ɗaga tafinsa biyu, ya faɗi kalmominsa. Sai na ga kafaɗun mutumin sun sauka, idonsa ya yi laushi kamar na wanda aka tasa daga barci. Ya dubi addar kamar bai san wa ya ba shi ita ba. Har haƙuri ya bayar kafin ya tafi. 'Yan sanda ma haka: su zo da takarda, su koma suna ce masa ranka ya daɗe.

Ya gina gida a Hotoro. Ya sayi mota, ya je Makka, ya zama Alhaji. Ya sa kwamfuta a falonsa don a ga gidan wayayyu ne.

A wannan kwamfutar Badi'a ta ga tallar maganin suga. Surukarta ta daɗe tana fama, kullum ƙwaya, kullum an hana ta tuwon da take so. Badi'a ta aika aka sayo. Takardar maganin ta ce a daina shan na asibiti, aka daina. Hajiya Binta ta yi ta rama, ƙafarta ta yi baƙi, wata safiya aka tashe ta ba ta tashi ba.

Bayan sadakar bakwai Badi'a ta same shi a ɗaki da kwalbar a hannunta. “Alhaji, a shafinka na gani. Ka san masu maganin nan?”

Daga baya ya ce mini ba shi ya ɗaga hannun ba. Hannun ne ya tashi.

Badi'a ta ajiye kwalbar a hankali ta ce, “Haka ne. Ni na saya.” Daga ranar ba ta sake zama daidai ba. Laifin da ya zame daga hannunsa ya sami wurin zama. Ta daina barci, ta daina girki, sai zama gaban kwamfuta. Duk abin da allon ya faɗa, gaskiya ne a wurinta. Da ta ga tallar nan mai ƙyalƙyali, sai ta yi wanka ta ci ado ta fito bakin ƙofar gida tana jiran masu kawo mata mota. Kullum haka, tun hantsi har magariba. In maƙwabta suka gaishe ta sai ta ce, “Suna hanya. Sun ce in jira.”

Mai hankali da ya tsaya a nan. Amma kuɗi na shigowa, kuma ya gaya wa kansa ajali ne, ya gaya wa kansa aljanu ne. Ya kai ta wurin masu ruƙiyya ya biya da hannu sake.

Sai wata talla ta zo: wai wata makarantar ƙwallo a Turai tana neman matasa. A biya kuɗin rajista, a bi ta mota zuwa Libiya, daga can jirgi, don wai bizar ta fi sauƙi ta nan. Uwaisu ya zama saurayi lokacin, kuma ba abin da yake so a duniya kamar ƙwallo. A filin da ke bayan kamfanonin Sharaɗa yake bugawa, shi da amininsa Sila. Uban Sila, Habila, mutumin kudancin Kaduna ne, makanikin injin saƙa. Shekaru suka yi da Abdulbaƙi suna cin abinci a kwano ɗaya a masaƙarmu. Sila ne ya fara tafiya, da abin da ya rage na sallamar ubansa. Bayan 'yan watanni aka sabunta tallar, aka sa hoton Sila sanye da rigar ƙwallo, yana murmushi a gaban wani ƙaton filin wasa.

Habila ya zo ofis. Bai zauna ba.

“Abdul, ban zo neman kuɗi ba.”

“Haba Habila, zauna mana. A kawo maka lemo?”

“Bar lemon nan. Yaron nan tun daga Agadas ba mu sake jin muryarsa ba. Hoton da ka liƙa, a Sabon Gari aka ɗauke shi. Labule ne a bayansa, fenti ne. Hoton rajista ne, ni na raka shi, ni na biya mai hoto. Dubi gefen, ga ƙafar fanka nan ta fito.”

Abdulbaƙi ya duba. Ga ƙafar fanka kuwa.

“Ka sauke shi kawai,” in ji Habila. “Nawa ya tafi, na bar wa Allah. Amma yaran unguwa suna ganin fuskarsa suna sayar da kekunansu. Kai da muka ci gishiri tare. Danna abu ɗaya ne fa, Abdul. Ko ni da ban iya ba, nuna mini in danna.”

Tafin nan biyu suka tashi. “Ni ban sayar ba, ni ban saya ba.”

Habila ya yi tsaye, bakinsa a buɗe. Fushin ya tsiyaye daga fuskarsa, amma hawaye suka maye gurbinsa. “Ban san me ya sa na kasa jin haushinka ba,” in ji shi. “Na taho da shi tun daga gida, yanzu na neme shi na rasa. To shi ke nan. Amma uwarsa Esta ba ta barci.” Ya juya ya fita.

Da yammar ranar Uwaisu ya tare ubansa a ƙofar gida, kusa da inda uwarsa ke tsaye da adonta.

“Baba, ka ga Sila? Ya isa fa! Makarantar nan da gaske ce ko?”

Abdulbaƙi ya buɗe baki zai ce ƙarya ce. Ya ce harshensa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ba a kushe talla, ko da raɗa. Abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, “Ka bar maganar ƙwallon nan. Na hana.”

“Amma da gaske ce?”

“Na ce na hana!”

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce to. A ransa kuwa lissafi mai sauƙi ya yi: da ƙarya ce, da Baba bai liƙa ba. Kafin mako ya zagayo an wayi gari ba shi, ba takalman ƙwallonsa.

A ranar Abdulbaƙi ya zauna gaban kwamfuta zai sauke tallar, ko me zai faru ya faru. Ya kama wannan abin da ake turawa a kan tebur, wanda yara ke ce wa ɓera. Ya suɓuce masa kamar jiƙaƙƙen sabulu. Ya sake kamawa, ya sake suɓucewa. Ya kira ma'aikacinsa zai ba shi umarni, maganar ta ƙi fita. Ya fizge wayoyin shagon gaba ɗaya, ya kashe janareta. Aka ce masa ai shafin ba a shagon yake zaune ba, yana cikin wata na'ura a ƙasar waje, kuma shi da kansa ya biya kuɗin shekaru tun da wuri don an yi masa rangwame.

Ya shiga neman masu tallar. Imel ɗinsu ya dawo masa. Lambar wayarsu a kashe. Ɗakin otal ɗin da suka yi rajistar yara, mai otal ya ce shi ɗaki kawai ya bayar haya. Mai sayar da layin waya ya ce shi layi kawai ya sayar. A tasha suka ce su mota kawai suka loda. Kowa da gaskiyarsa, kowa hannunsa a wanke. Ya zaga garin nan kamar akuyar da aka ɗaure a turke, ya dawo inda ya fara.

Sai ya koma Challawa. Safofin kan waya sun ƙaru, har an ɗaura waya ta biyu. Ɗan'auta na nan a kan sikelinsa.

“Ka warware abin nan!” in ji Abdulbaƙi. “Ka karɓi gidan, ka karɓi motar. Ɗana ne!”

“Ka taɓa ganin fatar da aka jeme ta sake tsiro da gashi?”

“Ba ka gaya mini gidana zai ci ba!”

“Na ce maka duk ido. Na ce maka kogi. Kai ne ba ka tambayi inda rijiyarka take ba.”

Abdulbaƙi ya rarumi wuƙar jima da ke kan gungume, ta zame ta faɗi. Ya yi kansa da haƙora da gwiwar hannu. Mutumin bai motsa ba. Ya sa baki ya cire safarsa ta dama, ya cire ta hagu, ya ɗaga tafinsa. Farare ne, sumul, ba zane.

“Ni ma dillali ne,” in ji shi a gajiye. “Haɗa ka kawai na yi da masu abin. Ni ban sayar ba, ni ban saya ba.”

Abdulbaƙi ya ce a nan ya san abin da ya yi shekaru yana yi wa mutane. Ya ji fushinsa na zubewa ta ƙafafunsa kamar an huda tulu. Ciwon na nan, amma ba wanda za a ɗora wa. Ya ji bakinsa na cewa, “Yi haƙuri, na dame ka.” Ya fito yana tafiya kamar wanda aka zare wa laka.

Wani direba ne ya dawo da Uwaisu. Idi sunansa, mutumin Damagaram, dā yana aikin dare a masaƙarmu kafin ya koma tuƙin babbar mota. A can cikin sahara ya tsince shi a wani zango, ya gane shi. Masu kai su sun sauke su a hanya sun ce za su nemo mai, ba su dawo ba. Abin da ya sami Sila ke nan tun da farko, in ji mutanen zangon. Sun nuna wa Idi inda suka rufe shi. Uwaisu ya rayu, amma ƙishirwa ta riga ta cinye masa ƙoda.

A asibiti na je duba shi, ina ɗakin abin ya faru. Yaron ya bushe kamar kara, leɓensa duk a tsage. Da ya ga ubansa sai ya yi ƙoƙarin murmushi.

“Baba.”

“Na'am, ɗana. Kar ka yi magana.”

“Abu ɗaya zan tambaye ka. A hanya yaran nan suna ta zagin mai shafin, ni kuwa ina ta faɗa da su. Na ce babana ne, ba zai liƙa ƙarya ba.” Ya numfasa da ƙyar. “Baba, ka san ƙarya ce?”

Na ga Abdulbaƙi ya tura hannayensa ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su da dukan nauyinsa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Yana son ya ce na sani, yana son ya ce laifina ne, ka yafe mini. Duk wanda ke ɗakin ya ga haka a idonsa. Amma hannayen suka zame daga ƙarƙashinsa kamar kifi, suka tashi a gaban fuskar yaron. Hawaye na zuba, bakin na faɗin abin da ya saba faɗi.

Fuskar Uwaisu ta yi laushi. “Haka ne,” in ji shi. “Ka hana ni, na ƙi ji. Laifina ne. Ka yafe mini, Baba.”

Da wannan ya cika, kafin la'asar.

A wurin jana'iza aka matsa wa uban ya kama makara, kamar yadda ake yi. Ya sa hannu, ta zame. Ba don mutane sun tare ba da gawar ta faɗi ƙasa. A bakin kabari ya durƙusa zai ɗebi ƙasa ya zuba, ta tsiyaye ta tsakanin yatsunsa kafin ya ɗaga. Ya yi ta ɗiba, ya yi ta ɗiba, har aka gama rufewa aka shafa fatiha, bai zuba wa ɗansa ko ƙwayar yashi ba.

Sauran ba shi da daɗin faɗi, kuma na gaji. Hannun da ba ya riƙe laifi, ashe ba ya riƙe komai. Mukulli, alƙalami, cokali, duk suka daina zama. Ma'aikatansa suka kwashe shagon, dangi suka sayar da gidan, 'yan uwan Badi'a suka zo suka tafi da ita ƙauye. An ce har yanzu tana fitowa bakin zaure da adonta. Shi kuwa yakan zo nan ƙofar masaƙa ya zauna kusa da ni. In na zuba masa koko sai in ajiye kwanon a kan benci, ya sunkuya ya sha da baki. Duk wanda ya tsaya sai ya ba shi labarin nan tun daga farko, tiryan-tiryan, har ya iso wurin da zai ce laifinsa ne. A nan maganar ke yankewa. Ya yi ta motsa baki, ba sauti. Tuba ma sai da hannun da zai ɗauki laifi ake yin ta.

To jama'a, ku ji. Zamani ya kawo kasuwar da ba ta da rumfa, ba ta da sarkin kasuwa, mai saye ba ya ganin idon mai sayarwa. A irin wannan kasuwa mai allon da ake liƙa talla shi ne kaɗai fuskar da talaka ya sani, kuma da amincin wannan fuskar ake yanka shi. Wanda duk ya ci la'ada ya ce ba ruwansa, ɓarawo ne mai tsoron dare. Ko ya je wurin boka ko bai je ba, ko ya rubuta ba ruwana da Turanci ko da ajami, haƙƙi ba ya ɓacewa don an ƙi ɗaukarsa. Gangarawa yake yi, kuma ba ya tambayar gidan wa zai shiga. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, amma kwaɗayin riba ba nauyi ya fi kowanne muni, don shi ko ƙofar tuba ba ya bar wa mutum.

Kwanakin baya na shiga wani kafe a Na'ibawa, na ce a buɗe mini Dillalin Gari in gani. Ya buɗe. Ga Sila nan yana murmushi a gaban filin fenti, ga ƙafar fanka a gefe. Lambar wayar da ke ƙasa ce kawai aka canja.